Inuwar Raƙumi

Ƙarfe ɗayan dare a Mabera,
unguwa ta yi tsit, sai fanka ke gardama da zafi.
Na saki yarana ɗari biyu cikin wasan da na gina,
yaran da ba mace ta haifa ba.
Ba su shan fura, ba su roƙon kuɗin kati,
lissafi ne jininsu.

Wasan ba wani abin a zo a gani ba ne:
raƙumi da buhunan albasa daga fadamar Kwalkwalawa,
ya haye Rima, ya isa Kara
kafin rana ta dafa kayan.
Wata goma sha ɗaya ina ɗinka shi a kwamfuta mai tsagaggen gilashi.

Na ce musu, ku je ku yi ɓarna,
yadda awaki ke yi in mai tumatir ya tafi salla.

Ɗaya ya tunkuyi katanga sau dubu bakwai
har ya sami kafar da ko zare ba ya bi,
ya zurma bayan duniya,
inda ba ƙasa, ba sama, sai faɗuwa.
Wani ya gano in an gurfanar da raƙumi tsakiyar gada
albasa na haihuwa cikin buhu.
Kafin asuba ya zama attajiri, ɗan banzan ɓarawo.
Akwai wanda ya tsaya yana juyi wuri guda,
har yau ban san ko lalacewa ya yi ko tunani ba.

Da assalatu rahoto ya iso:
kuskure ɗari uku da sha huɗu.
Mako uku ina toshe ramuka.
Na sake sakin su, suka dawo hannu wofi,
allo ya yi kore shar kamar fadama bayan ruwa.

A da Modi ke min wannan aiki,
ɗan maƙwabcinmu, ladansa tsire da lemo mai sanyi.
Tun da na yi yara ban sake kiransa ba.
Ran Laraba ya shigo aron caja,
bai yi ƙorafi ba, ya dai ɗauki wayar.
Minti ɗaya bai cika ba ya ɗago kai:

"Yaya, wanga raƙumi da hantsi ya hito, ko?
To mi yak kai inuwatai gabas?"

Na duba. Na sake dubawa.
Sau dubu nawa suka taka inuwar nan suka wuce?
Cikinsu ba wanda ya taɓa tsayuwa bakin titi a watan bazara
yana jiran kabu-kabu,
ƙafarsa na laluben gefen da bango ya yi masa alheri.

Na miƙa masa caja.
Na aika a sayo tsire, na ce a sa yaji da yawa.
Yaran suna can suna karo da katangu, aikinsu ne, sun iya.
Modi kuwa ya gyara zama a tabarma,
ya ce bari ya ga ko ruwan Rima
ya san inda ya dosa.