Minti Arba'in a Wapato

Watan Agusta, saura mako a buɗe makaranta,
aka tara mu a laburare, mu talatin da biyu,
kan kujerun yara, gwiwa na gaisawa da haɓa.
Ta taga, itatuwan tuffa sun sunkuya da kaya,
iyayen ɗalibanmu na kan tsani tun asuba.

Takardar gayyata ta ce ƙara wa juna sani.
Na ce a raina, shekara ashirin da ɗaya ina aji,
wa zai koya wa kifi iyo?
Na zo da kofi, na zo da biro,
da jerin cefanen da zan yi in an tashi.

Sai ga Perpetua Agbayani, 'yar guntuwa, kai fari fat.
Ba ta gaishe mu da Turanci ba, ba ta yi da Sifaniyanci ba.
Ta buɗe baki da Ilokano, harshen kakarta,
ta yi ta zuba
kamar ruwa kan kwanon rufi,
ana jin ƙara, ba a samun na sha.

Halvorsen mai lissafi ya yi dariya, dariyar ta mutu a hanya.
Dolores Quintanilla, mai harshe biyu, mai alfahari da su,
ta juya takardar da aka raba mana, ta sake juyawa.
Ni kuwa na saci amsar maƙwabciyata,
wadda ita ma sata ta yi.
Fitsari ya matse ni, ban san yadda ake roƙo ba.

A minti na ashirin ta tsaya a kaina.
Ta yi tambaya. Na yi murmushi.
Ta maimaita, da ƙarfi, a rarrabe,
kamar kunnena ne ya lalace.
Na gane muryar nan.
Tawa ce.

Sannan ta goge allo, ta sake farawa,
harshen dai shi ne, amma ta zo masa da hannuwa:
ƙwayar wake a tafi, kofin ƙasa, zanen rana.
Ta tsiyaya ruwa, ta ce danum,
ta jira.
Jiran nan ne ban taɓa koya ba.
Ta haɗa mu biyu-biyu, ta bar mu mu yi gwaranci,
har Halvorsen ya gina jimla guda, gurguwa,
muka tafa masa kamar ya ci zaɓe.

Makarantarmu tana taƙama da ƙofa biyu,
safe Sifaniyanci, rana Turanci.
Fidencio ya zo bara daga duwatsun Oaxaca
da Mishtek kaɗai a bakinsa.
Duka ƙofofin bango ne a wurinsa.
Wata huɗu yana gyaɗa kai, yana murmushi,
irin wanda na yi yau.
Na rubuta a fayil ɗinsa: ba ya ƙoƙari.
Da tawada na rubuta.

Aka raba takardar shaida, aka ci biskit, aka watse.
Ban je kanti ba.
Na bi hanyar tsakuwa har gonar da uwarsa ke tsinka,
na tsaya ƙarƙashin tsani da gorar ruwa,
na nuna, na ɗaga gira.

Ta dube ni daga sama, jaka cike a ƙirji,
lokacinta kuɗi ne, kowane akwati da farashinsa.
Duk da haka ta faɗi kalmar.
Na maimaita, na karya mata wuya.
Matan da ke layin gaba suka kwashe da dariya.

Ta sauko mataki biyu.
Ta sake faɗi,
ba ta ɗaga murya ba.