Takalman Haladu

Ran Talata ya kawo su a leda,
ruwa na zuba a Agege kamar da bakin ƙwarya.
Ya ce, "Malam Tanimu, ɗinkin gefe ya saki,
saura sati uku a buɗe kaka."
Na ce ya dawo Juma'a, bayan an sauko.

Shekara goma sha shida ina ɗinke masa takalmi
a rumfata, nan bakin layin dogo.
Ban taɓa shiga filin Surulere ba,
kuɗin ƙofa cefanen kwana biyu ne,
amma na fi masu ihu a rediyo sanin wasansa.
Takalmi ba ya rufa wa ƙafa asiri.
Na dama a goshi yake cinyewa, inda yake tare ƙwallo,
na hagu a dunduniya, inda yake juyi.
Bara na ga cin ya karkace gefe,
irin na mai ɓoye gwiwa kada koci ya gani.
Na shimfiɗa masa fata a ciki, na yi shiru.
Ya ƙara mini ɗari biyar, shi ma ya yi shiru.

Juma'a ta zo, bai zo ba.
Asabar da yamma yara suka dunƙule kan waya ɗaya,
wai Katanga ya ajiye ƙwallo.
Iya Kafila mai amala ta ce ƙarya ne,
shekaranjiya ta gan shi yana gudun asuba.
Wannan ya ce albashi aka riƙe,
wancan ya ce Larabawa sun yi tayi,
mai shayi ya rage murya, ya ce jifa ne.
Jirgin ƙasa ya ratsa, ya raba gardamar.

Lahadi sai ga shi, da silifas, babu mota.
Ya zauna a bencin masu jira.
Ya ce, "Ba gwiwar ba ce.
Ni da ita mun saba, kamar ɗan haya da mai gida.
Ran Laraba ne, atisaye kan yashin bakin teku,
wani ɗan sha bakwai daga Ajegunle ya yanke ni,
na zauna daɓas.
Ya bar ƙwallon, ya dawo, ya miƙo hannu,
ya ce, 'Yi haƙuri, Baba.'
Da zagina ya yi, da na tashi na bi shi.
An zage ni a Aba, an jefe ni da ledar ruwa a Ilori,
duk na karkaɗe wando na ci gaba.
Amma wannan ladabin, ban san inda zan tare shi ba."

Danfo ya tsaya, kwandasta na kiran Oshodi.
Ya bi shi da ido.
"Zinatu na son in saɓa ta a wuya mu hau gadar can,
ta ƙirga motoci daga sama.
Abin da ya rage a gwiwar nan, nata ne."

Na fito da takalman, na riga na gama su,
zare ninki biyu, man shafi, har igiya sabuwa.
Ya juya su, ya shafa ɗinkin da babban yatsa,
ya biya ba tare da neman ragi ba,
sa'an nan ya mayar da su kan teburina.
"Ka ba wanda suka yi wa daidai."

Lamba arba'in da biyar ce.
Suna nan rataye a ƙusa, sama da gwangwanin gam.
Yara kan zo su gwada, su cusa jarida a gaba,
su taka biyu, ƙafa ta zame, a yi dariya.

Jiya aka buɗe kaka.
Rediyo ya jero sunaye, ya zo kan lamba biyar,
ya faɗi wani suna da ban iya maimaitawa ba.
Allura na hannuna, sandal ɗin 'yar makaranta a cinyata,
uwarta ta ce kafin bakwai na safe.
Na laƙa wa zare yawu, na nemi kafar.