Takardar Izinin Baldur

A ofishin gunduma, can Hamburg,
Frauke ta zaro lamba ta arba'in da ɗaya,
ta zauna tana murza igiyar kare a cinya.
Shi karen an hana shi shiga.

Ma'aikaciya ta lissafo da bakin biro:
shaidar 'yan sanda cewa ba ki da tabo,
inshora, in ya yi cizo a biya,
ƙwayar lamba a ƙarƙashin fata,
takunkumi a baki duk inda za a je.
Irinsu, in ji ta, ba a sakar musu mara.

Ranar gwaji ana yayyafi.
Wani ya buɗe laima farat a fuskarsa,
wani ya yi tangaɗin maye yana ihu,
aka turo keken jariri, rediyo na tsala kuka a ciki.
Baldur, mai kai kamar turmi,
ya shinshina tayar, ya yi hamma,
ya waigo ya dubi tsohuwa
ko lokacin komawa gida ya yi.

Saura layi ɗaya a takardar:
dalilin riƙe wannan dabba.
Ta daɗe biro na rawa a hannunta.
Ba ta rubuta sunan ɗanta Tjark ba,
balle jirgin da ya bi kogin Elbe da kaka
ya dawo babu shi.
Ta rubuta: Ƙarfe shida yakan kwanta a bakin ƙofa.
Ba zan iya jiran ni kaɗai ba.

Aka buga hatimi.
A tashar bas ta ɗaura masa takunkumin,
ta ɗan sassauta maɗaurin
yadda harshensa zai kai ga yatsunta.