Danƙon Rakuwa

A ƙwaurina na hagu akwai tabo,
faɗin ƙwandala, baƙi, mai sheƙi.
Jiya 'yata ta ɗora yatsa, ta ce, "Baba, wuta ce?"
Na ce a'a, kututturen dawa ne,
shekarar da na fara riƙe fartanya.

Ɗan rauni ne, ya ƙi kamewa.
Ya ga kaka, ya ga bazara, ya zama gyambo.
Ƙuda ya fi abokaina sanin inda nake,
in na zauna a benci sai a matsa.

Sai Goggo Ladingo ta iso daga Burra,
da gwangwanin madara ƙulle a bakin zane.
Ko kallon fuskata ba ta yi ba,
ƙafar ta fara gaisarwa.

Ta ce, "Ka san rakuwa?
Ba ta harbi, ba ta faɗa,
zumarta da ƙyar take cika ludayi.
Amma je ka kogon kirya ka ga ƙofarta,
ta liƙe ta da danƙo, ko tururuwa ba ta ratsawa.
Abin da ta rufe gidanta da shi
shi zai rufe maka wannan ƙofa."

Ruwan zafi da gishiri tukuna.
Na yi ihun da ya kori kajin maƙwabta.
Ta ɗora sakaina a garwashi,
danƙo ya narke cikin man kaɗe,
ɗaki ya ɗau ƙamshin ɓawon itace da hayaƙi.
Da gashin zabo ta shafa,
ta yage gefen mayafinta ta ɗaure.

Kullum da asuba, kafin ta sha kunu.
Ba ta taɓa cewa sannu ba.
Sai ranar da jan nama ya tsiro daga gefe,
ta yi tsaki, ta ce, "To, ya ji kunya."

Goggo ta kwanta dama tuntuni.
Kiryar ma an sare ta, ta tafi birni a buhun gawayi.
Ni kuwa ina kemis a kasuwar Ningi,
ina miƙa aidin da bandeji,
mai gyambo in ce masa, maza asibiti.

Amma in zafi ya yi zafi,
wata 'yar mitsitsiya ta sauka tana shan gumina,
sai in sauke hannun da na ɗaga,
in bar ta ta ƙoshi.