Ɗakin Sanyi a Maiwurno

Ranar Talata motar Sinnar ta sauke mana ɗakin.
Falle-falle ya zo,
alluna farare da soso a tsakani.
Usta Jibrin ya ƙirga su sau biyu, ya ce,
"Sha takwas. Saura mu koya musu zumunci."

Muka dasa su bisa daɓen siminti,
kowane allo ya kama ƙugun ɗan'uwansa,
ina bin tsaga da farin danƙo, ina shafewa da babban yatsa.
Rana tana dukan ƙeyata.
A bayan katanga Nilu yana tafiyarsa,
bai tambaye mu komai ba.

Kwamfuresa a waje, ƙarƙashin rumfar kwano,
fanka biyu a ciki, rataye kusa da rufi,
tsakaninsu bututun tagulla, siriri da kakkaura,
ɗaya ya kai, ɗaya ya dawo.
Gaɓa tara ke jiran walda.
Usta ya yi takwas. A ta tara ya miƙo mini wuta,
ya tafi shan jabana.

Da magariba muka ɗura iska, muka toshe.
Ya ɗiga biro daidai inda allurar agogo ta tsaya.
"Ga shaida," in ji shi, "ba ta da dangi a garin nan."

Ban yi barci ba.
Da asuba allura ta sauka ƙasa da ɗigon,
kaɗan ne, faɗin ƙwayar riɗi.
Bai ce uffan ba, ya ba ni kofi da ruwan sabulu.
Na shafa ta farko, shiru. Ta biyu, shiru.
Na san inda zan ƙare, na dai bi su a jere,
kamar mai tsayawa gaisuwa a hanyar gidan mai binsa bashi.
A ta tara kumfa ta kumbura,
ta fashe, ta sake kumbura,
tana kiran sunana a hankali.

"Tukur," ya ce, "wutar tana inda ka ajiye ta."

Dare na biyu allura ta kwana bisa ɗigonta.
Famfo ya yini yana zuƙe iska da laima,
muka ɗora tukunyar gas a sikeli,
muka shayar da bututu da awo, irin na mai ba jinjiri magani.
Usta ya yi bismilla, ya danna.
Injin ya yi tari ɗaya, ya kama gurnani.

Arba'in da ɗaya.
Talatin.
Sha bakwai, ya daɗe nan har na fara zufa sabuwa.
Takwas. Huɗu. Biyu.

Sai ya tura ni ciki, ya rufe ƙofa, ya kashe fitila.
Duhu, da iskar fanka a wuyana.
Na lalubi bango har tafina ya sami koren maɓalli,
na danna, ƙofa ta buɗe.
"Kowane ɗaki ka gina," ya ce,
"ka fara fita daga cikinsa kafin ka miƙa makulli."

Hajja Sakina ta zo da kwandon karfasa,
wadda da azahar ta yi sai ta karyar da kuɗi
ko ta zuba wa kuliyoyi.
Ta ajiye a kan kanta, ta tsaya tana duban kifin,
ta ce, "Yau sai in ga mai taya mini rabin kuɗi."

Baba Ɗanliti, shekara sittin yana jefa birgi a kogin nan,
ya shigo da sanda, ya hura numfashi,
ya ga fari ya fito daga bakinsa.
Ya sake hurawa. Ya yi dariya.
"Ashe haka yake," ya ce, "tun da nake ban taɓa ganinsa ba."

Ni kuwa na zagaya baya,
na ɗora yatsa kan gaɓa ta tara.
Raɓa ta kwanta a kanta.
Na goge, ta dawo.