Kujera Ta Arba'in Da Bakwai

Asabar, ƙarfe biyu saura,
yayyafi na lasar jan bulon Titin Masaƙa.
Kakana Wilfred ya naɗa gyalen ulunsa a wuya,
ja da fari, farin ya koma launin shayi,
ya dafa kafaɗata: "Hazel, ja ragama."
Shekara shida ke nan da hasken idonsa ya yi ƙaura.

Ba ya tambayar hanya,
hancinsa ke ƙirga masa lunguna:
nan suyar albasa, amalanken Doreen ke nan,
nan tsamin giya daga ƙofar mashaya,
nan kashin dokin 'yan sanda. "Ɗaga ƙafa, yarinya."
Shi ya gaya mini, ni mai ido.

Filin ba ya shelar kansa.
Gidaje ne jere, kafaɗa da kafaɗa,
igiyar shanya, kwandon shara, kyanwa a taga,
sai ka sha kwana
ka ga dogayen fitilu huɗu sun leƙo ta kan rufi
kamar raƙuman dawa.

Ƙofar ƙarfe mai juyi, ƙunci kamar ramin ɓera.
Ƙaras, ta haɗiye shi. Ƙaras, ta haɗiye ni.
Cyril ya karɓi tikiti bai ko duba ba:
"Wilf, yau ma an zo shan wuya?"
"Wuyar gida, Cyril, ta fi daɗin maƙwabta."

Matakala talatin da ɗaya, warin jiƙaƙƙen siminti,
sannan koren nan ya buɗe,
kore shar, mai ƙwace mini numfashi kowane zuwa.
Shi ma yakan tsaya. Wai iska ke gaya masa.

Kujerar katako, ta arba'in da bakwai,
ginshiƙin ƙarfe ya tare mata rabin raga.
Ubansa ya zauna nan da burbushin auduga a gashi,
ya zagi ginshiƙin nan shekara talatin.
Kaka ya jingina sandarsa a jikinsa:
"Ni da shi yanzu mun shirya."

Usur.
Aikina in zuba masa wasan a kunne:
"Tattersall ya karɓa, ya yanke ɗaya, ya..."
"Ya ɓarar. Na ji."
Mutum dubu tara in suka ja tsaki tare
ba a neman tafinta.
A bayanmu wani mai ƙaton tumbi
na koya wa alƙali aikinsa,
jijiyar wuya kamar igiyar guga,
ɗansa a gefe na lasar gishirin dankali.

Hutun rabin lokaci, romon nama a kofin takarda,
ya ƙona harshe, ya ceci yatsu.
An ci mu ɗaya. Ruwa ya ƙaru.
Rufin kwano na ɗiga daidai gwiwata ta hagu.

Saura minti uku, bugun kusurwa.
Rumfar bayan raga ta fara ruri,
katakon ƙarƙashinmu na makyarkyata.
Ƙwallo ta tashi, ta shige bayan ginshiƙi,
ban ga komai ba,
sai ji na yi an fizge hannuna sama.
Kaka ya riga ni miƙewa,
ya riga mai tumbi, ya riga dubu tara,
baki buɗe, haƙoran roba na neman tsira.

"Raga tana da kuka," in ji shi daga baya,
"siriri, kamar an yaga tsohon zane.
Kafin ihu take yin sa.
Ku masu ido ba kwa tsayawa ku ji."
An ce kunne ya girmi kaka;
nawa kakan bai musa ba.

Ɗaya da ɗaya, canjaras.
Muka bi kogin mutane, safa jagab,
Doreen na kankare kaskonta.
Na ce masa, wai baɗi za a rushe rumfarmu,
a gina mai gilashi, babu ginshiƙi ko ɗaya,
kowa zai ga raga tun daga sama har ƙasa.

Ya yi shiru har muka wuce mashaya.
Sannan ya ce, "To, ina zan jingina sanda?"