Wake, Gero, Riɗi

Ranar sussuka ce, bayan la'asar, a gonar Jatau,
bel ɗin inji ya cafki hannun rigata, ya ja har da abin da ke ciki.
Ban ji zafi ba tukuna.
Na dai ji yara sun daina dariya.

A Gumel aka ɗinke ni.
Mai ɗorin garinmu ya latsa, ya ce ƙashi lafiya lau,
jijiya ce, ita kuwa ba ta jin tofi.
Wata biyu hannun na rataye a ƙirjina kamar laya,
ya kumbura, ya saɓe, ya ƙandare,
yatsu suka dunƙule kamar ƙafar kaza a tukunya.

Ni Tanimu, da tabarmata ke shiga Maigatari da girmanta,
ni ne ɗana ke ɗaure wa tazuge
yana kallon bango, kada mu haɗa ido.

Malama Hansai ba ta cika ni da sannu ba.
Ta ɗauko ma'auni mai ƙafa biyu, ɗan'uwan almakashi,
ta ɗora a gaɓa, ta ce, “Lanƙwasa.”
Na lanƙwasa har gumi ya keto.
“Goma sha biyar,” ta rubuta.
Na ce goma sha biyar ɗin me?
Ta ce, “Abin da ya rage maka. Da shi za mu ja jari.”

Ta tsoma roba a ruwan zafi har ta yi laushin danƙo,
ta naɗa mini, ta huce da siffar hannuna.
Da ita nake kwana.
Da safe yumɓu: matsa, saki, matsa,
sau ashirin, kada zuciya ta kai ka talatin,
jijiya ba jaki ba ce da za ka kora da sanda.

Sai tsinta. Wake, daga faifai zuwa ƙwarya.
Ni da furfurata, zaune a gindin darbejiya,
kaji sun kewaye ni suna jiran kuskurena,
kuma wallahi makon farko sun ƙoshi.
Da wake ya bi, ta ce gero.
Da gero ya bi, ta kwance ƙullin riɗi.
Na ce Malama, wannan kuma mugunta ce.
Ta ja kujera ta zauna jira.

Kowace Talata kuɗin mota.
Wata Talatar babu,
sai in ba direba gaisuwa,
ya dawo mini da takarda mai zanen yatsu.

Arba'in. Hamsin da biyar. Saba'in.
Nan ma'auni ya kafe, Talata uku bai gusa ba.
Ta rufe littafi, ba ta sa wa maganar zuma ba:
“Ƙaramin yatsa ya tafi ke nan.
Mun gama lallashin hannu, saura mu lallashi aiki.
Kawo mini kaba da wuƙarka.”

A barandar asibiti na baje sana'ata,
majinyata na leƙe.
Ta tsuguna tana kallon inda kaba ke suɓuce mini.
Ƙotar wuƙa ta naɗe da robar tayar keke har ta cika tafi,
ta sa aka kafa mini ƙusa a guntun katako
ta riƙe bakin saƙa, aikin da yatsan ke yi shekara talatin
ban taɓa ce masa na gode ba.

Tabarmar farko ta fito da karkataccen baki,
kwana tara, abin da nake yi a uku.
Ranar Alhamis na ɗaure tazugena da kaina,
ɗaurin bai yi kyau ba, amma bai kwance ba.

A kasuwa wani mutumin Damagaram ya juya ta,
ya kushe ta, ya taya ta tayin wulaƙanci.
Na ce albarka. Ya tafi, ya dawo, ya ƙara ɗari biyu.
Muka yi ta ja kamar maƙiya.
Ko sau ɗaya bai dubi hannuna ba.